Yadda ake karanta alamomin da ke jikin tsofaffin cokula da butocin azurfa

Duk wanda tsohon cokali ko butar shayi ta azurfa ta faɗo hannunsa, ko ta gado ko ta wurin 'yan gwanjo, abin da zuciyarsa ke fara raya masa shi ne ya ɗauko toka da soson ƙarfe ya dirje ta har ta ɗau ƙyalli. Don Allah a dakata. Na taɓa riƙe cokalin da ya sha irin wannan dirza shekara da shekaru. Hatiman da ke bayansa sun shafe, sai ɗan gurbi kamar sawun kaza a rairayi bayan iska ta bi ta kai. Azurfar tana nan, amma garin da aka ƙera shi da shekarar da sunan maƙerin duk sun tafi, kuma babu mai dawo da su.

Kayan azurfa na Turai, musamman na Ingila, suna ɗauke da alamomi iri uku, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Akwai waɗanda hukuma ta buga. Akwai waɗanda mai kayan ya sa aka zana masa. Sannan akwai adon da maƙeri ya yi don bin yayin zamaninsa. A wannan jerin ake karanta su. Wanda ya fara da ado, ya ga abarba ko kurciya ya shiga fassara, sau da yawa labarin da dillali ya tsara masa yake saye.

Shiri da wankin farko

Ka tanadi gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, mai ninka abu sau 10, da ƙaramin sikeli mai auna giram, da ƙyalle mai laushi, da waya mai ɗaukar hoto. Wanki kuwa ruwan ɗumi da sabulu kawai, a goge a shanya nan take. Baƙin da ke kan azurfa ba tsatsa ba ce, haɗuwarta ce da farar wuta da ke yawo a iska, kuma baƙin da ya kwanta cikin ramukan zane shi ke fito da zanen fili. A bar shi. A duba kayan kusa da taga, haske na zuwa daga gefe. Idan hatimi ya dushe, ka hura masa numfashi. Kafin hucin ya bushe sau da yawa siffar kan bayyana.

Mataki na farko: azurfa ce ko ruwan azurfa?

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Idan ka ga haruffan EPNS, ko EP, ko A1, to ruwan azurfa aka yi wa wani ƙarfe. Kamfanin Elkington na Birmingham ne ya yi rajistar wannan dabara ta shafe da lantarki a 1840, daga nan irin waɗannan kaya suka cika otal-otal da jiragen ruwa da gidajen ma'aikata a duk inda Ingila ta yi mulki. Mafi yawan "cokulan Turawa" da ake tsinta a kasuwanninmu irinsu ne. Kafin lantarki akwai wata dabara da Thomas Boulsover ya gano a Sheffield wajajen 1743, ta manna fallen azurfa a kan jan ƙarfe. Ita ana gane ta idan jan ya fara leƙowa a gefe da kusurwa. Maganaɗisu yana taimakawa rabi da rabi: idan ya kama, ba azurfa ba ce, idan bai kama ba, bai tabbatar da komai ba, don jan ƙarfe ma ba ya kama shi.

Masu kayan shafe kan jera 'yan ƙananan tambura huɗu ko biyar don su yi kama da na gaske. Kada jeri ya ruɗe ka. A kayan Ingila, hatimin zaki kake nema.

Mataki na biyu: hatiman hukuma

A cokali, ka juya bayansa. Waɗanda aka yi kafin wajajen 1781 hatimansu na can ƙasa kusa da kan cokalin, galibi a matse. Na bayan nan suna sama kusa da ƙarshen mariƙi. A buta ko kwano, duba gindi ko gefe kusa da hannu, kuma ka duba murfi, don shi ma ya kamata ya ɗauki wasu daga cikin hatiman. Murfin da hatiminsa ya saɓa wa na jiki, aro ne.

Zaki mai tafiya, ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya, shi ne shaidar cewa a cikin kashi 1000 na ƙarfen, 925 azurfa ce zalla, sauran galibi jan ƙarfe don ƙara ƙwari. An fara buga shi a 1544. Kafin shi akwai kan damisa, wanda dokar 1300 ta zamanin Sarki Edward na ɗaya ta wajabta, daga baya ya zama tambarin birnin Landan. Wannan kan damisa yana da ɗan sirri mai amfani: yana sanye da kambi har zuwa 1821, daga nan aka tuɓe masa. Kallo ɗaya ya raba maka ƙarni biyu.

Sauran garuruwa kowa da nasa. Birmingham ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa, ko da yake garin ba ya bakin teku. Sheffield kambi, har zuwa 1975 da aka mayar da shi fure. Su biyun a 1773 aka buɗe musu ofishin gwaji, bayan fafutukar Matthew Boulton, wanda ya gaji da aika kayansa har Chester a gwada. Chester damman alkama uku da takobi. Edinburgh ganuwa mai hasumiya uku. Glasgow itace da tsuntsu da ƙararrawa da kifi. Dublin garayar Ayalan mai kambi.

Idan maimakon zaki ka ga mace zaune riƙe da mashi da garkuwa, ka samu abu mai daraja, don ita ce shaidar azurfar da ta fi ta zaki tsabta. Daga 1697 zuwa 1720 an tilasta wa maƙera amfani da azurfa mai kashi 958, saboda suna narkar da kuɗin ƙasa suna ƙera kwanuka, sai aka ɗaga ma'aunin ya wuce na kuɗin. Wasu maƙera sun ci gaba da wannan ma'auni bayan an sassauta dokar, don haka sai ka haɗa da harafin shekara.

Kan sarki ko sarauniya a ɗan zagaye galibi shaidar biyan haraji ne, kuma daga 1784 zuwa 1890 kaɗai aka buga shi don haraji.

Harafin shekara shi ne inda mutane suka fi tuntuɓe. An fara shi a Landan a 1478, kowace shekara da harafinta, idan an yi haruffa 20 a sake zagayowa da sabon salon rubutu da sabuwar siffar garkuwar da ke kewaye da harafin. Kafin 1975 kowane gari kuma da jerinsa, don haka sai ka san garin kafin ka nemi shekara. Ga misali. Ka ga babban harafin A a kayan Landan. Zai iya zama 1716, ko 1796, ko 1876, ko 1936. A 1716 ba a fara harajin ba, kuma matar nan mai garkuwa za ka gani, ba zaki ba. A 1876 damisar ba ta da kambi, kuma kan Sarauniya Victoria ne a gefe. A 1936 an daɗe da daina buga kan haraji. To idan damisarka na da kambi, ga kan namiji a gefe, 1796 ce, zamanin George na uku. Haka ake yi, kowane hatimi yana tankaɗe wasu shekaru har a bar ɗaya. Jadawalin waɗannan haruffa yana nan a intanet da ƙananan littattafan aljihu. Ka ɗauki hoto, ka ƙara girmansa, ka gwada siffar garkuwar da kyau, ba harafin kaɗai ba.

Na ƙarshe hatimin maƙeri ne, wanda aka wajabta tun 1363, daga baya ya zama haruffan sunansa. HB a rubutun hannu mai lanƙwasa kan kayan Landan na ƙarshen ƙarni na 18 galibi Hester Bateman ce, wadda ta yi rajistar hatiminta a 1761 bayan rasuwar mijinta ta kuma riƙe maƙerar kusan shekara 30. Sunaye irin su Paul de Lamerie da Paul Storr kuwa, saboda tsadarsu an sha yi musu jabu. Wanda ya ga irinsu ya kai wa masani kafin ya yi murna.

Mataki na uku: waye mai shi?

Nan ne na fi son daɗewa, don nan mutane suke. Hatimin hukuma ya faɗa maka gari da shekara, amma zanen mai kaya shi ke faɗa maka gidan da aka ci abinci da shi.

Fara da lura da inda aka yi zanen. A farkon ƙarni na 18 ana kife cokali ne a kan tebur, saboda haka ƙarshen mariƙinsa sama yake lanƙwasa, kuma a bayansa ake zana sunan mai shi don baƙo ya gani. Daga wajajen 1760 aka koma ajiye shi a buɗe, mariƙi ya lanƙwasa ƙasa, zane ya dawo gaba. Idan ka ga tsohon cokali mai mariƙi sama amma zanensa a gaba, wani magaji ne ya ƙara daga baya. Faransawa sun ci gaba da kife cokali mai yatsu, shi ya sa nasu tambarin a baya yake.

Haruffa uku a siffar murhu, ɗaya a sama biyu a ƙasa, alamar aure ce. Na sama sunan gidan, na ƙasa a hagu na miji, na dama na mata. Irin wannan cokali sau da yawa kyautar biki ce, kuma idan da shekara a gefe, kana iya gwada ta da harafin hukuma. In shekarar zane ta zo bayan ta hatimi da shekara 40, wataƙila kayan uwa ne aka ba 'ya. In kuwa ta riga ta hatimi, akwai abin dubawa.

Manyan gidaje ba haruffa suke sawa ba, tambarin zuriya suke sawa. A ƙananan kaya kamar cokali, ɗan abin da ke saman tambarin kawai ake zanawa: kan barewa, hannu riƙe da takobi, tsuntsu, a kan wata murɗaɗɗiyar igiya. Shi kaɗai ba ya isa a gane gida, don gidaje da yawa kan yi tarayya a abu ɗaya. A faranti ko buta kuwa akan samu cikakkiyar garkuwa, ita ce ake karantawa sosai. Garkuwar da aka raba biyu daga sama zuwa ƙasa, aure ne: ɓangaren da ke hagunka na gidan miji, na damanka na gidan uban matar. Idan tambarin ba a cikin garkuwa yake ba, yana cikin siffar lu'ulu'u mai kusurwa huɗu a tsaye, to kayan mace ne, budurwa ko wadda mijinta ya rasu, don a al'adarsu garkuwa kayan yaƙi ce ta maza. Ɗan tafin hannu a wata ƙaramar garkuwa cikin babbar yana nuna sarautar gado da suke kira baronet.

Akwai wata hikima da ke burge ni. Azurfa ba ta da launi, amma tambari sai da launi ake gane shi. Sai masu zane suka yi yarjejeniya da layuka: layuka a tsaye ja ke nan, a kwance shuɗi, masu gicciye da juna baƙi, a karkace daga saman hagunka zuwa ƙasan dama kore, ɗige-ɗige ruwan zinariya, fili ba komai fari. Da gilashinka sai ka mayar wa garkuwar launukanta a takarda, ka nemi gidan da su.

Sai gargaɗi. Idan kaya suka canza hannu, sabon mai su kan sa a kankare tambarin tsohon a zana nasa. Ka danna wurin a hankali da babban yatsa. Idan ya fi sauran jiki laushi ko ya ɗan lotsa, an kankare. Wannan yana rage kuɗin kayan, amma shi ma labari ne: gidan farko ya sayar, ko ya ƙare.

Mataki na huɗu: me kayan da kansu ke nufi?

Kafin a je ga fure da tsuntsu, siffar abin ma magana ce. A manyan gidajen Ingila na da, akan girke wani dogon mazubin gishiri na azurfa kusa da maigida, kuma darajar baƙo tana bin kusancinsa da shi. Gwangwanin ganyen shayi mai makulli yana tuna lokacin da shayi ke da tsadar da uwargida ke riƙe mabuɗin da kanta. Mazubin sukari da ɗan matsefinsa kuwa ba na iya kallonsu ban tuna inda sukarin ya fito ba: gonakin rake na tsibiran Karebiya, inda bayin da aka kwashe daga gaɓar Afirka ta Yamma suka yi aikin.

Wani abin kuma da ake ɗauka alama ce, ba alama ba ce. Ruwan zinariya a cikin mazubin gishiri ko kan cokalin ƙwai ba nuna sarauta ba ne; gishiri yana cin azurfa, ƙwai yana baƙanta ta, zinariya ce kariya. Haka gilashin nan mai shuɗi da ake sakawa a ciki. Hannun buta na katako ma don kada zafi ya ƙona mai zubawa ne.

Mataki na biyar: ado

Yanzu an iso inda kowa ke son farawa. A nan ka raba ado gida biyu: wanda ma'anarsa tabbatacciya ce, da wanda yayi ne kawai.

Mafi tabbaci su ne cokulan Hawariyawa, almajiran Annabi Isa, alaihis salam. Daga ƙarni na 15 zuwa na 17 Kiristocin Ingila kan ba jariri kyautarsu ranar baftisma. Kowane cokali da ɗan mutum-mutumi a ƙarshensa, ana gane shi da abin da ya riƙe: Bitrus mabuɗi, Andarawus gicciye mai siffar X, Yohanna ƙoƙo, Yakubu babba sandar matafiyi, Bartalamawus wuƙa, Siman zarto. Cikakken jeri 12 ne, ko 13 idan an haɗa da na shugabansu. Na ainihi ba su da yawa a duniya. Ƙananan cokulan shayi masu irin wannan kai da suka yawaita kwaikwayo ne na ƙarni na 19 da na 20, kuma harafin shekara zai faɗa maka.

Sai ƙananan cokulan shayi na tsakiyar ƙarni na 18 masu hoto a bayan kai. Akwai damin alkama, wani lokaci da kalmar da ke nufin yalwa. Akwai kurciya da reshen zaitun, wato zaman lafiya. Akwai kaza da 'ya'yanta, da jirgin ruwa mai filafilai. Wanda aka fi nema shi ne tsuntsu a kan buɗaɗɗen keji da rubutu mai ma'anar "ina son 'yanci", wanda ake dangantawa da magoya bayan John Wilkes, ɗan siyasar da aka ɗaure a 1768. Mutum na motsa shayinsa, ra'ayinsa na siyasa na bayan cokalin.

Wasu adon kuma aikin abin suke nunawa: inabi da ganyensa a kayan giya, kifi a wuƙar yanka kifi, saniya mai ƙuda a gadon baya a matsayin mazubin madara, irin waɗanda John Schuppe ya shahara da su a Landan daga shekarun 1750.

Abarba a saman murfi kuwa za a ce maka alamar karɓar baƙi ce. Abin da yake tabbas shi ne a ƙarni na 18 abarba a Ingila sai gidan mai hali, don a ɗakin gilashi mai ɗumi ake rainonta, saboda haka wadata take nunawa tun farko. Ganyen nan mai lanƙwasa da ɓawon halittar teku mai kama da maheci, da suka cika mariƙan cokula, an kwaso su ne daga gine-ginen Girka da Rum don sun yi kyau. Ba kowane ganye ke da saƙo ba, kuma maƙerin da ya buga cokali 500 da ƙarfen bugu ɗaya ba wasiƙa yake rubuta wa kowa ba.

Ka gwada ado da shekara. Mutanen zamanin Victoria sun ɗauki dubban cokula marasa ado na zamanin kakanninsu suka bubbuga musu 'ya'yan itace a kai suka shafa ruwan zinariya. Idan hatimi ya ce 1790, kan cokalin kuwa cike da inabi, adon ya zo daga baya da shekaru masu yawa. Ana gane hakan idan zane ya bi ta kan hatimi ko ya murɗe shi.

In ba na Ingila ba ne

Kan mace mai hular yaƙi na Faransa ne tun 1838, a tsofaffin kaya lamba 1 a gefensa na nufin azurfa kashi 950 cikin 1000, lamba 2 kuma 800. Jinjirin wata da kambi tare da 800 na Jamus ne daga 1888. Lamba 84 ta Rasha ce, daidai da 875. Kayan Daular Usmaniyya suna ɗauke da tugura, wato sa hannun sarkin da ke kan gado, wanda shi kansa ke nuna zamanin. Rashin hatimi kuma ba ya nufin ba azurfa ba ce. Maƙeranmu na farin ƙarfe sun daɗe suna narkar da dalar Maria Theresa, mai ɗauke da shekarar 1780 ko yaushe aka buga ta, suna ƙera abin da suke so, ba tare da buga komai ba. Irin wannan sai a kai wa maƙeri ya gwada.

Ga Musulmin da ya mallake su

Hadisin Huzaifa da ke cikin Bukhari da Muslim ya hana ci da sha a kwanukan zinariya da azurfa, maza da mata. Saboda haka wanda ya tabbatar cokalinsa azurfa ce ta gaske, ba na cin tuwo ba ne. Ajiye su ba tare da amfani ba kuwa malamai sun yi magana a kai, ka tambayi malaminka. Akwai kuma zakka: nisabin azurfa dirhami 200 ne, kimanin giram 595, kuma buta ɗaya da 'yan cokula na iya kai wannan. A nan sikelin ke da amfani. Sai dai a kula, mariƙin wuƙa da gindin mazubin kyandir galibi cike suke da ƙaro, ruwan wuƙar kuma ƙarfe ne, don haka nauyinsu ba duka ne azurfa ba. Wasu tsofaffin kaya suna da nauyinsu na asali a karce a gindi da ma'aunin oza na maƙera, wanda kowace ɗaya giram 31.1 ce, idan nauyin yau ya gaza wancan da yawa, an sha goge kayan ko an cire wani ɓangare.

Idan ka gama, ka rubuta abin da ka karanta a 'yar takarda: gari, shekara, maƙeri, haruffan mai shi, nauyi, da kuma hannun wanda kayan suka fito, kaka ce ko kasuwa. Ka naɗe kowane ɗaya daban a ƙyallen auduga mai tsabta. Kada a ɗaure da roba, kada a nannaɗe da jarida, don dukansu suna barin baƙin tabo mai wuyar fita. A ajiye a wuri busasshe nesa da hayaƙin madafa, takardar tana tare da su.